Haƙorin da Ba Ya Son Ruwan Sanyi: Wane Banish Za a Shafa Masa?

Wanda haƙorinsa ke jin sanyi ya san abin tun kafin a yi masa bayani. Ka kurɓi ruwa, ko ka buɗe baki iska ta shiga, sai wani zafi siriri kamar tsinin allura ya soki wuyan haƙori ya tsarga har cikin kai, kafin ka farga ya wuce. Ba ya daɗewa, amma ya isa ya sa mutum ya koma tauna da gefe ɗaya, ya riƙa karkatar da kofi, har ya daina kai buroshi wurin da ke sukar, wanda kuwa shi ne mafi munin abin da za a yi wa wurin.

Na shafe kusan shekara guda ina wannan kauce-kaucen saboda haƙora biyu na sama ta hagu. Ranar da na daure na je wurin likita, ya duba ya ce zai shafa mini banish, wato maganin da ake shafa wa haƙori ya manne a kansa. Na ɗauka abu ɗaya ne. Ashe sunan ya rufe dangi guda: akwai mai danƙo kalar zuma, akwai fari, akwai mai kama da ruwa, akwai wanda sai an haska masa fitila yake daskarewa, akwai ma wanda ke mayar da wurin baƙi ƙirin. Wannan rubutu na wanda ke tsaye a tsakaninsu ne, ko majinyacin da aka ba zaɓi, ko ma'aikacin lafiyar haƙori da ke tunanin wanne zai ajiye a ɗakin aikinsa.

Abin da ake ƙoƙarin toshewa

Haƙori yana da farin ɓawo mai tauri a waje, wanda likitoci ke kira inamel, kuma shi ba ya ji ko kaɗan. A ƙarƙashinsa akwai wani ƙashi mai ɗan rawaya, dentin, cike da 'yan kafofi sirara, dubun dubata a wurin da bai wuce kan allura ba, kowace ɗauke da ruwa, suna tafiya daga waje har ɓargon haƙori inda jijiya take. Muddin ɓawo da dasashi na rufe da bakunansu, lafiya lau. Amma idan dasashi ya janye ya bar saiwa a fili, ko tsami ya zaizaye ɓawon, ko gurzar buroshi ta cinye wuyan haƙori, sai su buɗe. Sanyi ya taɓa, ruwan ciki ya motsa da sauri, jijiya ta amsa da suka. Wani likitan haƙori ɗan Suwidin, Martin Brännström, shi ya kafa wannan bayani a shekarun 1960, kuma har yau a kansa ake tafiya.

Wani bincike da aka buga a 1987 ya duba haƙoran da aka cire, ya gano cewa masu jin sanyi suna da buɗaɗɗun kafofi kusan ninki takwas na waɗanda ba sa ji, faɗin kafofin kuma kusan ninki biyu. Wannan faɗi shi ne zancen. A ƙa'idar gudun ruwa cikin bututu, idan faɗi ya ninka sau biyu, ruwan da ke wucewa yana ninkawa sau goma sha shida. Juya lissafin ka ga albishir: ba sai an toshe kafa ruf ba, a rage bakinta da rabi kawai, yawancin sukar ta tafi. Duk banish ɗin da za mu duba wannan aikin yake yi, hanya ce kawai ta bambanta.

Sai dai kafin a kai ga zaɓi, akwai shingen da ba a tsallakewa. Zafin da banish ke magani gajere ne, yana zuwa da abin da ya tayar da shi ya tafi tare da shi. Idan zafin na zama bayan ruwan ya wuce, ko yana zogi da dare har ya hana barci, ko sai ka ciji abu ka saki yake sukarka, ko dasashi ya kumbura, to akwai alamar kogo ne, ko tsagewa, ko tsohon ciko da ya buɗe, ko ɓargon ne ya kamu. Shafa banish a kan irin wannan rufa-rufa ce, cutar na ci gaba a ƙasa. Likita mai kula yana hura wa haƙora iska ɗaya bayan ɗaya, ya bi wuyansu da ɗan ƙarfe mai tsini, in da hali ya ɗauki hoto, kafin ya buɗe kowace kwalba.

Ma'aunin da na ɗora su a kai

Tambayar farko da mai ciwo ke yi ita ce yaushe zan ji sauƙi. Tambaya ce mai kyau, amma ba ta raba su sosai, domin kusan dukansu suna rage sukar daga ranar zuwa 'yan kwanaki. Inda suke rabuwa shi ne daɗewa. Baki wuri ne mai wuyar zama ga duk abin da aka manna: yawu na wanke shi dare da rana, buroshi na gurzarsa safe da dare, tsami na narkar da shi. Don haka daɗewa ita ce ma'aunina na farko.

Na biyu, sauƙin shafawa, wanda a aikace yake nufin abu ɗaya: yana jure danshi ko ba ya jurewa? Wuyan haƙori, inda ya haɗu da dasashi, wuri ne da ba ya bushewa da daɗi, musamman a haƙoran ƙasa na can ciki. Maganin da ke buƙatar bushewa tsaf yana iya fin kowa kyau a takarda, ya faɗi a baki saboda ɗigon yawu ɗaya. Na uku haɗari: alaji, ƙonewar dasashi, tabo. Na huɗu kamanni, wanda ya fi damun mai matsala a haƙoran gaba. Na ƙarshe kuɗi, kuma ba kuɗin kwalba kaɗai nake nufi ba. Mai araha da sai an koma sau huɗu a shekara yana iya cin fiye da mai tsada da aka yi sau ɗaya.

Banish na asali: sodiyam fulorayid kashi 5 cikin 100

Wannan shi ne uban gidan. An fara shi a Jamus a 1964 da sunan Duraphat, wanda yanzu kamfanin Colgate ke sayarwa, daga baya kamfanoni da dama suka fito da irinsa. Haɗin ba shi da rikitarwa: fulorayid ne cikin ƙaron itacen fain, wanda ake kira kolofoni, aka narkar da sifirit. Ƙarfin fulorayid ɗinsa kashi 22,600 ne cikin miliyan, alhali man goge baki na manya yana tsakanin 1,000 da 1,500. Abin da ya hana wannan ƙarfi zama haɗari shi ne ƙanƙantar abin da ake shafawa. Bakin babban mutum gaba ɗaya ba ya wuce mililita 0.75, haƙori biyu ko uku kuwa ɗigo ne, ƙaron kuma yana riƙe maganin yana sakinsa a hankali.

Mutane da yawa sun san shi a matsayin abin da ake shafa wa yara don hana ruɓewar haƙori. Amma lokacin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1994, don rage jin sanyi ne da kuma shimfiɗawa a ƙarƙashin ciko. Wato wanda aka shafa wa shi saboda wannan suka, a kan ainihin aikinsa aka yi amfani da shi. Fulorayid ɗin yana haɗuwa da kalsiyam na haƙori da na yawu, su zama 'yan ƙwayoyi ƙanana da ke zama a bakin kafofin su ƙuntata su.

Shafawar ba ta kai minti biyu ba. Likita ya share mini wurin da auduga, ya dangwalo da ɗan buroshi siriri, ya ja layi ɗaya a wuyan kowane haƙori. Abin da ya fi burge ni da shi, yawu ba ya ɓata shi, yawun ne ma ke daskarar da shi. Da harshena ya kai wurin sai na ji wani kaushi mai danƙo, na duba madubi na ga rawaya-rawaya kamar ban taɓa goge baki ba. Aka ce kada in tauna abu ko in goge wurin har awa huɗu, wasu likitocin ma cewa suke a bar gogewa sai washegari. Da safe buroshi ya tafi da shi, launi ya koma yadda yake, ruwan da na kurkure baki da shi kuma ya wuce da ɗan motsi kawai, babu wannan sukar.

Rauninsa daɗewa ne. Ƙwayoyin nan a sama suke zaune, ba su da ƙarfin kamu, tsami kuma yana narkar da su. Shi ya sa takardar da ke cikin kwalin Duraphat ta ce ga mai jin sanyi a maimaita sau biyu ko uku cikin 'yan kwanaki. Ina so a lura da wannan sosai, domin mutum kan je a shafa masa sau ɗaya, bayan sati biyu sukar ta dawo, ya yanke hukuncin cewa banish ba ya aiki, alhali rabin magani aka ba shi. Idan aka cika shafawar, sauƙin kan kai makonni zuwa 'yan watanni kafin a buƙaci sabuntawa.

Haɗarinsa yana wajen ƙaron. Kolofoni yana cikin danƙon wasu filastocin ciwo, don haka wanda fatarsa ke yin ja da ƙaiƙayi idan an manna masa filasta ya faɗa wa likita tun kafin a tambaye shi. Takardar maganin ta kuma hana shafa wa mai asma da mai gyambo a baki ko a dasashi. A kuɗi kuwa, babu wanda ya kai shi sauƙi.

Fararen banish masu ƙarin kalsiyam da fosfet

Waɗannan 'ya'yan na farko ne: fulorayid ɗin dai kashi 5 ne, aka ƙara musu kayan gini. MI Varnish na kamfanin GC na Japan yana ɗauke da Recaldent, wani haɗi da aka ciro daga furotin ɗin madara, wanda Eric Reynolds da abokan aikinsa suka samar a Jami'ar Melbon ta Ostireliya. Clinpro White Varnish da kamfanin 3M ya fitar yana da nasa nau'in kalsiyam fosfet, haka ma Enamel Pro na Premier. Hujjarsu mai ma'ana ce: fulorayid ba ya gina toshiya shi kaɗai, sai da kalsiyam, to me zai hana a kawo su tare?

A ɗakin gwaji suna sakin ma'adinai fiye da na asali. A bakin mutum kuwa, tazarar da ke tsakaninsu wajen rage suka ba ta kai yadda talla ke nunawa ba, domin mai lafiyayyen yawu ya riga yana da kalsiyam ɗin da ake buƙata. Inda nake ganin ƙarin kuɗin ya biya shi ne wajen mai bushewar baki, wanda magungunan da yake sha, ko tsufa, ko gashin ciwon daji a kai da wuya suka rage masa yawu. Shi kam kayan ginin ne ya rasa. Sai kuma launi: suna bushewa fari ko kusan babu launi, mutum na iya tashi daga kujera ya shiga cikin jama'a yana murmushi.

Gargaɗi biyu. Fari ba ya nufin babu kolofoni. Yawancinsu ƙaron ne aka tace aka sauya masa kama, don haka mai alajinsa bai tsira ba. Na biyu, mai alajin furotin ɗin madara kada a kusanto masa da MI Varnish. Wannan daban yake da wanda madara ke ɓata wa ciki kawai.

Masu kama da ruwa

Fluor Protector na kamfanin Ivoclar da ke Liktenstain ya fito a 1975. Fulorayid ɗinsa a kwalba kashi 1,000 ne kawai cikin miliyan, amma ruwan da aka narkar da shi yana tashi bayan shafawa, abin da ya rage a kan haƙori ya ninka ƙarfi. Ƙanensa Fluor Protector S yana da 7,700. Da yake tsinkakke ne, yana gangarawa cikin lunguna da tsakanin haƙora inda mai danƙo ba ya shiga, ya bushe siriri garau ba a ganinsa. Bifluorid 10 na kamfanin VOCO na Jamus ya haɗa sodiyam fulorayid da kalsiyam fulorayid, kashi 5 kowanne, kuma ba shi da kolofoni.

Sharaɗinsu bushewa. Dole a tare yawu da auduga, a busar da haƙori, a shafa, a jira ya kama. Hura iskar bushewa a kan haƙorin da dama iska ce ke sukarsa ba abin daɗi ba ne, kuma warinsu yana da ɗan hawa hanci. Daɗewarsu kusan ɗaya da na asali, kuɗinsu ya ɗan ɗara.

Gluma: wanda ke toshewa daga ciki

A gaskiya wannan ba banish ba ne, tun da ba ya barin komai a saman haƙori, amma duk inda ake wannan zaɓi sai an ambace shi. Gluma na kamfanin Kulzer ruwa ne mai ɗauke da gulutaraldihayid kashi 5 da wani sinadarin roba, HEMA, kashi 35. Dabararsa daban ce. Ruwan da ke cikin kafofin haƙori yana da furotin, gulutaraldihayid kuma yana daskarar da furotin, sai 'yan katangu su samu a can cikin kafar, inda buroshi ba ya kaiwa. Ana goga shi na sakan 30 zuwa 60, a busar, a wanke da ruwa sosai. Babu launi, babu kaushi, babu jiran awa huɗu, kuma sau da yawa mutum kan ji bambanci tun yana kan kujera. Da yake toshiyar na ciki, sauƙin kan kai watanni. Likitoci na son sa a ƙarƙashin ciko da hular haƙori saboda ba ya ƙara kauri.

To amma abin da ke daskarar da furotin cikin haƙori yana yin haka ga nama. Idan ya gangara kan dasashi ko leɓe ya zauna, yana ƙonawa, wurin ya yi fari ya yi raɗaɗi na kwanaki. HEMA kuma sananne ne wajen tayar da alajin fata, har ga ma'aikacin da ke taɓa shi. Magani ne mai kyau a hannun mai natsuwa, wanda ya killace wurin ya ɗebi kaɗan. Ba abin da za a bi baki gaba ɗaya da shi ba ne, kuma ba ya ba haƙori kariyar fulorayid daga ruɓewa. Kwalbarsa na da tsada, ko da yake ɗigo kaɗan ake amfani da shi.

Masu daskarewa da fitila

Nan an bar shafi an shiga rufi. Clinpro XT Varnish siminti ne na haƙori mai haɗin gilas da roba, ana kwaɓa shi a shimfiɗa siriri a kan wurin, a haska masa shuɗiyar fitila na kusan sakan 20, ya zama fata mai tauri da ke manne da dentin tana sakin fulorayid da kalsiyam a hankali. Masu yin sa sun ce yana iya kai wata shida. Wasu likitocin kan yi amfani da ruwan gam ɗin da ake manna farin ciko da shi don wannan aiki, manufar ɗaya ce.

A daɗewa suna sahun gaba cikin jerin nan. Amma suna cin lokacin kujera, suna buƙatar fitila da hannu mai kyau, kuma a nan kuɗin yake taruwa. Idan aka bar tudu a bakin dasashi, datti zai taru a ƙarƙashinsa dasashin ya kumbura ya ƙara janyewa, an gudu ba a tsira ba. Suna kuma iya ɓantarewa daga gefe. Na haƙori ɗaya ne ko biyu da suka gagara, ba na baki duka ba.

Ruwan azurfa da fulorayid

Wannan yana cikin mafiya ƙarfi a fulorayid, kashi 44,800 cikin miliyan, a nau'in da ake kira mai kashi 38. Japan ta daɗe da shi, tun wajen 1970 da sunan Saforide. Amurka ta amince da shi a 2014, shi ma don rage jin sanyi, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa shi cikin jerin muhimman magungunanta a 2021. Azurfar tana kashe ƙwayoyin cuta tana kuma zama cikin kafofi ta toshe su, don haka yana aiki biyu a ɗigo ɗaya: ya kashe suka, ya tsayar da ruɓewa. Ba ya buƙatar allura ko injin huda, kuma ba shi da tsada.

Farashinsa na gaskiya launi ne. Duk inda haƙori ya fara ruɓewa ko ya yi laushi, zai koma baƙi, kuma baƙin ba ya fita. Yana ɓata tufafi har abada, fata kuma na kwanaki, ga ɗanɗanon ƙarfe a baki. Riva Star na kamfanin SDI na Ostireliya yana bin sa da fotasiyam ayodayid don rage baƙin, amma duhun na iya dawowa daga baya, kuma ba a ba mai ciki ko mai jinyar maƙoƙo. Mai alajin azurfa shi ma ya nisance shi. Duk likitan da zai shafa wannan ba tare da ya nuna wa mutum hoton yadda haƙori ke komawa ba, bai yi masa adalci ba.

Akwai kuma Cervitec, mai kulohezidin da taimol kashi 1 kowanne. Babban aikinsa yaƙi da ƙwayoyin cuta a saiwar da ta fito fili, rage suka ƙari ne, don haka ban sa shi a sahun gaba ba.

| Nau'i | Daɗewar sauƙi | Sauƙin shafawa | Kamanni | Babban haɗari | Kuɗi |
|---|---|---|---|---|---|
| Sodiyam fulorayid na asali | Makonni zuwa 'yan watanni | Mafi sauƙi, yana jure yawu | Rawaya na yini guda | Alajin kolofoni, asma | Mafi araha |
| Mai ƙarin kalsiyam da fosfet | Kusan ɗaya da na asali | Mai sauƙi | Fari | Kolofoni, furotin ɗin madara a MI Varnish | Ya ɗan ɗara |
| Mai kama da ruwa | Kusan ɗaya da na asali | Sai an busar | Ba a gani | Kaɗan, wari mai hawa hanci | Matsakaici |
| Gluma | Watanni | Sai an killace dasashi | Ba a gani | Ƙonewar nama, alajin HEMA | Mai tsada |
| Mai daskarewa da fitila | Har wajen wata shida | Mafi wuya | Kalar haƙori | Tudu a bakin dasashi, alajin roba | Mafi tsada |
| Ruwan azurfa | Watanni | Mai sauƙi, sai kula da zuba | Baƙi a inda ya ruɓe | Tabo na dindindin | Mai araha |

Abin da teburin bai nuna ba

Gwaje-gwajen da aka yi a kan waɗannan magunguna sun nuna yawancinsu na rage suka, amma ba su fitar da zakara guda da ya bar saura a baya ba. Wani abu kuma da ya shahara a wannan fanni: mutanen da aka shafa wa ruwa zalla a gwaji, su ma da yawa kan ce sun ji sauƙi. Haƙori kansa yana gyara kansa, yawu na cike kafofi a hankali, ɓargo kuma na gina sabon dentin daga ciki. Saboda haka ni a ganina banish lokaci yake saya wa haƙori. Abin da aka yi da wannan lokaci shi ke yanke ko sukar za ta dawo.

Ɓawon haƙori yana fara narkewa idan ma'aunin tsami na pH ya sauka zuwa 5.5, dentin kuwa tun sama da 6 yake fara narkewa. Wato tsamin da ɓawo zai jure yana iya sake buɗe kafofin da aka biya kuɗi aka toshe. Mai yawan kurɓar abin sha mai tsami, mai ƙwarnafi da ruwan ciki ke taso masa, mai cizon haƙora cikin barci, mai gurza da buroshi mai tauri, duk wanda aka shafa masa zai kwashe shi da hannunsa. Buroshi mai laushi, a jira kamar rabin awa zuwa awa guda bayan abu mai tsami kafin a goge, a tofar da man goge baki ba tare da kurkurewa ba. A haɗa da man da aka yi don jin sanyi: mai fotasiyam naitiret kashi 5 yana kwantar da jijiyar ce, kuma yana buƙatar sati biyu zuwa huɗu ana amfani da shi kullum, masu sitanos fulorayid, ko arjinin, ko NovaMin, toshe kafofi suke yi kamar banish, sai dai kaɗan-kaɗan kowace rana.

Ana ganin waɗannan kwalabe a kasuwar intanet, kuma na san jarabar saya a shafa a gida. Kada a yi. Wanda ke gaban madubi ba ya ganin kogon da ke tsakanin haƙoransa, ba ya iya auna abin da ya haɗiye, Gluma da ruwan azurfa kuwa kuskure ɗaya ya isa.

Wa ya dace da wanne

Wanda haƙora da yawa ke yi wa suka, ko wanda aka kankare wa dattin haƙora ya tashi da jin sanyi ko'ina, ya fara da sodiyam fulorayid na asali, a cika shafawa biyu ko uku, ya haɗa da man goge baki na jin sanyi. Yawancin mutane a nan tafiyarsu ke ƙarewa. Idan rawayar yini guda ba za ta yiwu masa ba, a ba shi fari. Mai bushewar baki ya nufi masu kalsiyam da fosfet kai tsaye, bayan an tambaye shi zancen madara. Mai alajin filasta ko mai asma ya ce a duba masa wanda ba shi da kolofoni, irin su Bifluorid 10, kuma a karanta takardar a gabansa.

Wanda sukar ta taru a haƙori ɗaya ko biyu, fulorayid ya gaza bayan an ba shi haƙƙinsa, Gluma ne mataki na gaba, haka ma wanda za a sa wa ciko ko hula. Wanda zuwa asibiti ke yi wa nisa ko wuya, kuma wurin da ya buɗe yana da faɗi, rufi mai daskarewa da fitila zai rage masa zirga-zirga ko da ya fi tsada a ranar. Dattijon da saiwoyinsa suka fito suka fara laushi, musamman a haƙoran ciki da ba a gani, ko mara lafiyar da ba zai iya doguwar zama a kujera ba, ruwan azurfa ya fi masa komai, matuƙar shi ko masu kula da shi sun yarda da baƙin. Wanda kuwa sukarsa ta zo ne bayan an yi masa aikin ƙara wa haƙora fari da sinadari, tasa daban ce: sinadarin ne ya ratsa har ɓargo, takan wuce cikin 'yan kwanaki, kuma fotasiyam naitiret ya fi dacewa da ita fiye da toshe kafa.

Nawa haƙoran biyu ba su ƙare a wuri ɗaya ba. Na farko ya kwanta bayan shafawa ta uku da canjin buroshi. Na biyu ya ci gaba da suka, da likita ya sa ni na bi wuyansa da farce sai na ji wani ɗan rami kamar an sara da wuƙa, aikin shekarun da na yi ina gurzawa. Irin wannan ramin ya wuce banish. Aka cike shi da farin siminti na haƙori cikin minti goma sha biyar, aka goge gefensa har harshe bai ƙara jin inda ya haɗu da haƙorin ba.